Yadda Ake Gyara Nawar Modem Idan Direba Ne Sila

Tambayar tana yawan dawowa da kama ɗaya: modem guda, layi guda, ɗaki guda, amma a wannan kwamfutar intanet na tashi kamar iska, a waccan kuma sai ka yi hamma kafin shafi ɗaya ya buɗe. Ko kuma jiya lafiya lau, kwamfuta ta sabunta kanta cikin dare, da safe sai tafiyar hawainiya. Yawanci kamfanin layi ake fara zargi, wani lokacin ma da gaskiya. Amma in dai layin nan da modem ɗin nan suna gudu a wata kwamfutar, to kamfani ya fita, saura direba, wato ƙaramar manhajar da ke shiga tsakanin kwamfuta da modem.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka fara. Modem na USB ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Akwai tsohuwar ƙofa mai suna PPP, wadda kwamfuta ke "buga waya" ta cikinta da lambar *99#, akwai kuma sababbi da ke mai da modem tamkar katin netwok: NDIS, NCM, MBIM, QMI da RNDIS. Direban da ya riga ya kama modem ɗin shi ke zaɓar ƙofar da za a bi, kuma faɗin ƙofofin ba ɗaya ba ne.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta ta biyu ko wayar da ke ɗaukar 4G, gajeren kebul na ƙarin USB, izinin mai gudanarwa a kwamfutar, da takarda da biro. Ka tanadi wata hanyar shiga intanet daban, domin akwai matakin da modem zai mutu na ɗan lokaci. Aikin ba ya buƙatar sayen komai, data kawai yake ci: gwajin gudu ɗaya kan lashe megabait 50 zuwa 100 idan layin na da ƙarfi, kuma za ka yi shi fiye da sau goma. Ka ware kamar awa ɗaya.

1. Tabbatar da cewa direban ne

Rufe duk abin da ke jan data, ka kashe Wi-Fi, ka zare kebul ɗin netwok idan akwai. Yi gwajin gudu sau uku a jere, da shafin gwaji ɗaya da saba ɗaya (wato kwamfutar da shafin ke gwada gudu da ita), ka rubuta na saukewa da na lodawa. Sai ka kai modem ɗin kwamfuta ta biyu, a wuri ɗaya, cikin mintuna goman nan, ka maimaita. In ba ka da ta biyu, saka layin a waya.

Yadda za ka karanta sakamakon: idan duka biyun suna rarrafe, matsalar sabis ce, ko cunkoso, ko kuma data ta kai iyakar da kamfani ke rage gudu. Direba ba shi da laifi, kada ka taɓa shi. Idan kuwa ɗaya ta ba da 35 Mbps ɗayar ta ba da 6, kuma hakan ya maimaitu sau uku, ci gaba zuwa mataki na gaba.

Duba ƙarfin sigina da lamba, kada ka dogara da sandunan nan. A 4G, ma'aunin ƙarfin sigina mai suna RSRP da ya fi -90 kyau yana da daɗi, wanda ya gangara ƙasa da -110 kuwa mai rauni ne. Ma'aunin tsabtar sigina mai suna SINR da ke kusa da sifili yana nufin hayaniya ta yi yawa, kuma babu direban da zai gyara wannan.

*Hattara:* shafin gwaji da megabit yake auna, burauza kuma da megabait take nuna saukewa. Raba da 8. Layin 40 Mbps zai nuna kimanin 5 MB a daƙiƙa, kuma lafiyarsa ƙalau. Sannan ka san iyakar na'urarka: Huawei E173 ba ya wuce 7.2 Mbps, E3131 yana tsayawa a 21.6, E3372 kuma 150 ne a takarda.

2. Kawar da zargin kafar USB

Wannan gajeren mataki ne amma kada ka tsallake shi. Zare modem daga duk wani mahaɗin USB mai baki da yawa, ka soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta. A babbar kwamfuta ta tebur, kafofin baya sun fi na gaba aminci. Kafar USB 2.0 milliamp 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900, shi kuwa modem yana ƙara jan wuta duk lokacin da sigina ta yi rauni. Idan wutar ta gaza sai ya riƙa yankewa yana dawowa. Haka nan idan kebul ya lalace har haɗin ya koma ma'aunin USB 1.1, to 12 Mbps ce iyakarsa, a aikace ma bai kai ba. Gudun da kullum ke tsayawa cak ƙasa da 10 ya cancanci a gwada shi da wata kafa da wani kebul.

3. Gano direban da ke riƙe da modem

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc don tagar Device Manager ta fito, ka buɗe rukunoni uku: Network adapters, Modems, da Ports. Inda sunan modem ɗinka ya fito shi ne rabin amsar.

Idan a Modems da Ports kaɗai yake, babu shi a Network adapters, to ta PPP kake shiga. Idan ka ga suna mai ɗauke da Mobile Broadband ko Network Card a Network adapters, akwai ƙofar NDIS ko MBIM. Idan kuma ka ga Remote NDIS based Internet Sharing Device, modem ɗinka irin mai shafin kansa ne, wanda Huawei ke kira HiLink, ana shiga shi ta burauza a 192.168.8.1, na ZTE kuma galibi a 192.168.0.1.

Danna sunan sau biyu, ka shiga Driver, ka rubuta abu uku: Driver Provider, Driver Date, Driver Version. Daga nan shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Za ka ga lamba irin VID_12D1&PID_1506. Ta farkon ta kamfani ce: 12D1 Huawei, 19D2 ZTE, 1199 Sierra Wireless, 2C7C Quectel. Ta biyun kuma tana nuna yanayin da modem ɗin yake ciki a yanzu, shi ya sa take canzawa. A Huawei, 1506 yana nufin yana yanayin modem na sanda, wato wanda ba HiLink ba, 14DC ko 14DB na HiLink ne, 14FE ko 1F01 kuwa na nufin har yanzu kwamfuta faifan CD take ganinsa, bai juya zuwa modem ba tukuna.

Yanzu je kwamfutar da ke gudu ka rubuta waɗannan abubuwa su ma, ka jera takardun biyu gefe da gefe. Sau da yawa a nan asiri ke tonuwa: ko dai PID ya bambanta, ko mai direban ya bambanta, Microsoft a ɗaya, kamfanin modem a ɗaya, ko kuma tsakanin ranakun akwai shekaru.

*Hattara:* ranar 21 ga Yunin 2006 da za ka gani a direbobin Microsoft da yawa ba alamar tsufa ba ce. Da gangan suke sa ta, domin direban kamfanin na'ura ya riƙa samun fifiko. Lambar siga za ka duba. Kada kuma ka ruɗu da Speed ɗin da Windows ke nunawa a Status, wannan abin da direba ya faɗa ne kawai, ba abin da layi ke bayarwa ba.

4. Ajiye direban yanzu kafin ka taɓa komai

Ƙirƙiri folda mai suna direbobi a C, buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta:

dism /online /export-driver /destination:C:\direbobi

Wannan zai kwafe duk direbobin da ba na Microsoft ba zuwa foldar. Yi haka a kwamfutar da ke gudu ita ma, ka kwashe nata a filashi, domin mai yiwuwa maganinka yana ciki. Sharaɗin shi ne kwamfutocin su zama jinsi ɗaya, 64-bit da 64-bit. Ƙara da System Restore point, minti biyu ne.

5. Fita daga PPP

Nan ne mafi yawan masu modem na sanda suke samun sauƙi, don haka bari a tsaya a kai. PPP an yi shi ne don layin tarho. Kowane ƙunshin data sai an naɗe shi, an duba shi baiti bayan baiti, an tura ta kafar COM ta bogi, sannan ƙaramin injin da ke cikin modem ya warware shi. A modem mai 7.2 Mbps ba za ka ji bambanci ba. A 4G kuwa injin modem ɗin ne ke gajiya tun kafin layi ya kai ƙarfinsa, sai ka ga gudu ya tsaya a wata lamba ba ya motsi ko da tsakar dare ne, lokacin da babu cunkoso. Gudu mai tsayawa wuri ɗaya dare da rana alama ce ta ƙofa ƙarama, domin cunkoson hasumiya hawa da sauka yake yi.

Don tabbatarwa, rubuta ipconfig a Command Prompt bayan ka haɗa. Idan layin da ke ɗauke da adireshinka ya fara da PPP adapter, kana tsohuwar ƙofa.

Gyaran hanya biyu ne. Idan da manhajar Mobile Partner ko makamanciyarta mai tambarin kamfanin layi kake shiga, yanke haɗin, ka shiga Tools, Options, Connection Type, ka sauya daga RAS, wato PPP, zuwa NDIS, sannan ka sake haɗawa. Idan zaɓin NDIS ya dushe ba ya dannuwa, direban katin netwok ɗin bai hau ba, sai ka je mataki na 7.

Hanya ta biyu ita ce ka bar Windows ta riƙe modem ɗin da kanta. Tun daga Windows 8 akwai direban MBIM a cikin tsarin, ba sai an ɗora komai ba. Idan modem ɗinka ya iya MBIM, za ka ga Cellular a jerin netwok kusa da Wi-Fi. Rubuta netsh mbn show interfaces, in ya kawo sunan na'ura da na kamfanin layi, to ƙofar a buɗe take. Rufe manhajar kamfani gaba ɗaya, saka APN, wato sunan mashigar intanet na kamfanin layinka, a Settings, ka haɗa daga can.

*Hattara:* kada ka bar manhajar kamfani da Windows suna kokawar modem ɗaya. Ɗaya za ka zaɓa. Sannan ka leƙa saitin nau'in netwok: tsohuwar manhajar da aka yi kafin zuwan 4G tana iya ɗaure sabon modem a 3G, kai kuma kana ta zagin direba. Idan dole sai PPP, shiga Modems a Device Manager, ka ɗaga Maximum Port Speed zuwa mafi girma. A yawancin modem na USB lambar ado ce kawai, amma ɗagawar ba ta ɓata komai.

6. Idan HiLink ne, sauya direban RNDIS

Masu HiLink ba su da matsalar PPP, tasu daban ce. Windows na da direban RNDIS fiye da ɗaya, kuma takan ɗora tsohon, wanda ke jawo nawa, har wani lokaci tagogin saitin netwok su riƙa daskarewa muddin modem na jiki. Ga yadda ake sauya shi:

A Device Manager, danna dama a kan Remote NDIS based Internet Sharing Device, zaɓi Update driver, sai Browse my computer, sai Let me pick from a list. Cire alamar da ke kan Show compatible hardware. A hagu zaɓi Microsoft, a dama nemi Remote NDIS Compatible Device, ko USB RNDIS6 Adapter idan shi ne ya fito. Windows za ta yi gargaɗi cewa ba ta tabbatar ya dace ba, amince. Zare modem, ƙirga goma, mayar, jira ya haɗu, yi gwaji uku.

*Hattara:* Windows tana ɗaukar HiLink a matsayin kebul ɗin Ethernet, wato layi marar iyaka a wurinta. Da ka soka shi sai Windows Update da OneDrive su buɗe baki su hau sha, kai kuma ka ga nawa. Shiga Settings, Network, Ethernet, kunna Metered connection, sannan ka duba Task Manager ka ga wa ke jan data kafin ka yanke hukunci. Wani abin kuma, Windows takan tuna direba ne bisa kafar da aka soka na'ura, don haka in ka canza kafa tsohon direban na iya dawowa.

7. Mayar da na baya, ko share ka ɗora sabo

Idan nawar ta fara ne bayan sabuntawa, fara da mai sauƙi: Driver, sai Roll Back Driver. In maɓallin ya dushe, Windows ba ta ajiye na baya ba.

In haka ne, sai shara ta gaskiya, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko cire manhajar modem daga Apps, har da ta tsofaffin modem da ka daina amfani da su shekaru, domin kowace ta bar direbanta, kuma na kamfani ɗaya sukan yi rububin na'ura ɗaya. Na biyu, modem na jiki, shiga View a Device Manager ka kunna Show hidden devices, ka bi Network adapters, Modems, Ports da Universal Serial Bus controllers, kana cire duk mai sunan kamfanin modem ɗin, har da masu dusasshen launi. Duk inda akwatin share direba ya fito, sa masa alama. Na uku, zare modem, ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta pnputil /enum-drivers, nemi waɗanda Provider Name ɗinsu na kamfanin ne, ka cire kowane da:

pnputil /delete-driver oem25.inf /uninstall

Lambar 25 misali ce, sa wadda ka gani a naka. Na huɗu, sake kunna kwamfuta. Na biyar, ɗora direban da ka zaɓa tun modem bai shiga ba, ko dai daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ko daga filashin nan na mataki na 4 ta hanyar danna dama a kan fayil ɗin inf ka zaɓi Install. Sai a ƙarshe ka soka modem.

Ba kullum sabon direba ne ya fi ba. Wanda aka tabbatar yana gudu a kwamfuta ta biyu ya fi wanda ya fi sabuwar rana.

*Hattara:* karanta suna sau biyu kafin ka share oem, kuskuren lamba ɗaya na iya tafiya da direban Wi-Fi ko na allo. Guji manhajojin da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, su ne kan gaba wajen ɗora direban wani samfurin a kan wani. Idan alamar rawaya ta fito, karanta lambarta: Code 28 babu direba, Code 10 na'ura ta kasa tashi, Code 39 kuma a Windows 11 sau da yawa Memory integrity ne ya toshe tsohon direba. Kashe wannan kariya don modem ɗaya ciniki ne marar riba, gara ka nemi sabon direba ko ka koma MBIM.

8. Saitin da ke rakiyar direba

Sabon direba da nasa saitin yake zuwa, don haka ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana gwaji a tsakani. In ka canza uku lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Wuta: a Device Manager, a shafin Power Management na modem da na kowane USB Root Hub, cire alamar Allow the computer to turn off this device. A Power Options, kashe USB selective suspend. Alamar wannan cuta ita ce intanet ya yi gudu, ka bar shi minti biyu, ka dawo ya yi nauyin tashi.

Girman ƙunshi: idan gwajin gudu lafiya amma wasu shafuka suna maƙalewa a rabi, ko lodawa na tsayawa, zargi MTU, wato iyakar girman ƙunshin data ɗaya. Rubuta ping -f -l 1472 8.8.8.8. Idan ya ce Packet needs to be fragmented, ko amsa ta ƙi dawowa alhali ƙaramin ping yana wucewa, rage goma-goma har ya wuce, sannan ka ƙara 28 a kan lambar da ta wuce. Misali 1400 ta wuce, MTU ɗinka 1428 ke nan. Duba sunan haɗin da netsh interface ipv4 show subinterfaces, ka saita:

netsh interface ipv4 set subinterface "Cellular" mtu=1428 store=persistent

Tagar karɓa: rubuta netsh interface tcp show global. Receive Window Auto-Tuning Level ya kamata ya zama normal. Manhajojin "ƙara gudun intanet" sukan kashe shi, kuma a layin salula mai jinkirin amsa hakan na danne saukewa sosai. Mayar da shi da netsh interface tcp set global autotuninglevel=normal.

Matatai: buɗe ncpa.cpl, shiga Properties na haɗin. VPN da riga-kafin kwamfuta da manhajar injin bogi duk sukan rataya direbansu a nan, kowane ƙunshi sai ya bi ta cikinsu. Cire alamar ɗaya, gwada, mayar, koma na gaba. Kada ka taɓa Internet Protocol Version 4.

9. Hana Windows warware aikinka

Bayan ka sami direban da ya yi, nemi Change device installation settings a akwatin bincike, zaɓi No. Masu Windows Pro su ƙara da gpedit.msc, a ƙarƙashin Windows Update su kunna Do not include drivers with Windows Updates. Babbar sabuntawa ta shekara tana iya ƙetare wannan duka, don haka foldar direban ta zauna a filashi, tare da takardar da ka rubuta siga da sakamakon gwaji.

10. Ga masu Linux

Ciwon ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. lsusb zai ba ka lambar kamfani da ta yanayi, in ka ga 12d1:1f01 ko 12d1:14fe to usb_modeswitch bai juya shi ba. lsusb -t ya fi amfani: yana nuna direban kowane sashe da gudun kafar a ƙarshen layi, 480M lafiya, 12M matsala. Direban option na kafofin ttyUSB ne, in shi kaɗai ka gani to PPP za a bi. Abin da kake so ka gani tare da shi shi ne huawei_cdc_ncm, cdc_mbim ko qmi_wwan, na HiLink kuma cdc_ether ko rndis_host.

Rubuta ip link bayan ka haɗa. ppp0 tsohuwar ƙofa ce, wwan0 ko suna mai farawa da ww sabuwa ce. Mai amfani da wvdial ko pppd kai tsaye, PPP yake bi ko da modem ɗin ya iya wani abu, sai ya bar su ya koma ModemManager da NetworkManager. mmcli -L zai nuna lambar modem, mmcli -m 0 kuma zai jera direbobi da kafofi. A fayil ɗin /etc/usb_modeswitch.conf, tabbatar DisableMBIMGlobal yana kan 0 idan MBIM kake so.

*Hattara:* za ka ci karo da shawarar tura umarnin AT^SETPORT don canza ƙofofin Huawei. Yana aiki, amma a cikin modem ɗin yake zama ba a kwamfuta ba, kuma in ka rufe kafar da ake tura umarni ta cikinta, ka rufe ƙofa da mabuɗi a ciki. Fara tura AT^SETPORT? ka rubuta abin da ya amsa harafi da harafi, sannan kada ka cire kafar PCUI, wato ta tura umarnin, daga jerin. Haka batun sauya manhajar cikin modem daga ta sanda zuwa HiLink: E3372s da E3372h suna kama a ido amma cikinsu daban, fayil ɗin ɗaya a kan ɗayan yana iya kashe na'ura. Cire murfin layi ka karanta cikakken sunan samfurin a kan takardar da ke manne kafin ka sauke kowane fayil.